Kujerar Mai Zaman Banza

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Kwandasta da babanta tsaye a ƙofar gidan sayar da motoci har ƙafarsu ta sage, na ji, na kuma tuba. Wanda yau ya fara shigowa ya samu wuri ya zauna. Yarinya ce ta ci jarabawa, makaranta mai nisa ta kira ta, uban ya ce sai ya saya mata mota ta hannu kafin ta tafi. Ga ta nan da bakinta.

*

Ruwan da aka yi da hantsi ya ɗauke, amma bai gama tafiya ba. Yana nan kwance ɗigo-ɗigo a kan rufin motocin, rana na shiga cikinsa tana fitowa. Sahu-sahu aka jera su, kowace an wanke mata fuska tana jiran mai rabo.

Na tsaya ina kallo kamar wadda aka tasa daga barci ba ta gama farkawa ba. Wai a cikin waɗannan akwai tawa. Ni da ko keke na gado na hau, bayan Yaya ya gama cinye masa taya.

Baba ya ɗora hannu a kafaɗata.

Kwanan nan ya tsiro da wannan ɗabi'a. Duk inda za mu, hannunsa na kafaɗata. Ni kuwa har fasa kai nake, ina cewa don na kusa tafiya ne ya fara kewata tun ina gabansa.

"Kwandasta, wuce gaba. Yau ranarki ce."

Sunan nan shi ya laƙaba min tun ƙafata ba ta taɓa ƙasan mota in na zauna. Baba direba ne, rayuwarsa duka a kan hanya ya yi ta. In ya dawo daga doguwar tafiya, maimakon ya kwanta ya huta kamar kowa, sai ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa mu zaga gari. Ina gefensa, kaina a taga, ina kiran fasinjan da babu: "Saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya." Shi kuma yana dariya har da buga sitiyari. Daga nan suna ya bi ni. Ko Mama da shi take kirana.

Kujerar nan ta gefen direba, wadda ake ce wa ta mai zaman banza, tawa ce tun asali. Baba kuwa ban taɓa ganinsa a kanta ba. Ya ce gara ya taka da ƙafa da wani ya ja shi kamar buhu. Lokacin da zai koya min tuƙi ma filin ƙwallo ya kai ni, ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu yana ba ni umarni ta taga.

"Saki kuloci a hankali, ba faɗa kuke ba."

Da aka zo fita titi sai ya haɗa ni da Yaya, kafin aiki ya ɗauke Yaya zuwa wani gari. Haka Baba yake, kowa ya sani.

Kwanakin baya ya sayar da tsohuwar motar, ya ce ta tsufa, shan mai kawai ta iya. Aikin ma ya ajiye, ya ce lokacin hutu ya yi. In an sallame ni, in ji shi, sai ya nemi tasa a tsanake. Babu wanda ya ja da shi.

Mai motocin ya taso daga inuwa yana gyara wando, tumbi a gaba, tarin makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Tsohon sanin Baba ne.

"A'a, Babban Direba da kansa. Yau kasuwa ta yi albarka."

"In ka rage surutu za ta fi haka," in ji Baba. "'Yata na kawo. Ƙaramar mota nake so, mai ƙofa huɗu da but a baya, wadda ba ta saba da gidan bakanike ba."

"Duk nan babu mara lafiya."

"Haka ka ce min wancan karon, muka tura ta har gida."

"Wannan mai ne ya ƙare."

"Injin ne ya ƙare."

Ni dai ban tsaya jin ƙarshen rigimarsu ba, don na riga na gan ta.

Ja. Tana can tsakiyar sahu, jiƙe da ruwa, tana sheƙi. Sauran motocin duk suka ja baya a idona. Na zame kafaɗata daga hannun Baba na nufe ta, ban ko waiwaya ba.

Ƙofar a buɗe take. Na shiga na zauna.

Ƙamshin turaren wata ya rage a jikin kujera, kaɗan, sai ka yi shiru za ka ji shi. A ramin ajiye kofi akwai ɗan kunne guda, ɗan'uwansa ya tafi da mai shi. Nan take na ƙera ta a raina: doguwa ce, ba ta tambayar kowa izini, in ta gaji da gari sai ta zuba kaya a but ta canja wani. Ta bar min motar ne don ta san ina zuwa.

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Motar a kashe take, amma ni na riga na yi nisa.

Na fita daga gari. Gidaje sun ƙare, gonaki sun fara. Gilashi a ƙasa, iska na wasa da mayafina, akwatina na baya yana ɗan motsi in na hau gada. Hanyar ba ta da rami ko ɗaya, don a mafarkina ni ke gyara hanya. Can gaba ga ƙofar makarantar da a hoto kawai na san ta, da dogayen bishiyoyinta, 'yan mata na juyowa suna tambayar juna wace ce wannan. Babu mai aike na. Babu mai cewa ina za ki, yaushe za ki dawo.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar nan ita ce duk abin da nake so a duniya. Ina son gidanmu, amma na ƙagu in ga yadda yake daga nesa.

Tafin hannu na ji yana shafa jikin motar daga waje.

Baba ne ya iso, mai motocin na riƙe da gwiwar hannunsa yana ta zuba. Haka Baba ke duba mota tun fil azal. Ba ya yarda da ido. Shafa ta yake daga hanci har wutsiya, in an taɓa buga ta aka shafe da fenti hannunsa zai gaya masa. Ya sa na tayar da ita, ya rufe ido yana sauraron injin kamar mai jin gaisuwar wani daga nesa.

"Ba laifi," ya ce. "Tana da ɗan tari, amma na ƙuruciya ne."

Na fara tattara mayafi zan fito in ba shi wuri, don na san abin da ke biye. Sai ya zauna ya taɓa giya, ya taka birki, ya murza sitiyari, sannan ya yanke hukunci.

Sai na ji ɗaya ƙofar ta buɗe.

Baba ya sunkuyo ya zauna a kujerar mai zaman banza.

Na saki baki ina kallonsa. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya laluba ƙasa ya ja kujerar baya, ya miƙe ƙafa. Ya ɗaga hannu ya nemo mariƙin da ke saman ƙofa ya rirriƙe. Ya buɗe ƙofar, ya fitar da ƙafa, ya mayar, ya rufe.

"Ta yi ƙasa da yawa," ya ce. "Fita sai da dabara."

"Baba, ai ni zan riƙa fita, ba kai ba."

Ya yi dariya.

"To ƙawayenki fa? Ko duk 'yan tsalle ne irinki?"

Na yi dariya ni ma. A raina na ce girmama ni yake, ya bar min sitiyarina. Har wani daɗi na ji.

Muka je ga wata fara. Ya shafa, ya saurara, ya zaga ya buɗe ƙofar gefe. Ya ce kujerar ta yi tauri, za ta cinye wa mutum baya a doguwar tafiya. Muka je ga wata shuɗiya. Ya ce bel ɗinta na shaƙe wuya.

Mai motocin ya kasa haƙuri.

"Babban Direba, ko ka manta ne? Sitiyarin na ɗaya gefen."

"Na gaji da ganinsa," in ji Baba. "Me kuma ya rage?"

"Sai waccan ta lungu. Amma ba ta 'yan mata ba ce."

Gaskiya ya faɗa. Tana can ƙarƙashin bishiya, launin toka, ganye jiƙaƙƙe manne a gilashinta. Irin motar da in ta wuce ka ba za ka tuna ka gan ta ba. Cikinta tsaf, babu turare, babu ɗan kunne, sai wani ɗan matashi da aka ɗinka da hannu aka bari a kujerar baya.

"Ta wani dattijo ce," in ji mai motocin. "Ya riƙe ta kamar ƙwai. 'Ya'yansa ne suka ga tsufa ya zo, suka karɓe makulli suka kawo min ita."

Hannun Baba ya tsaya a kan rufin.

"Shi ya yarda?"

"Wa ya tambaye shi?"

Baba ya sauke hannunsa daga rufin. Ya sa na tayar. Injin ya amsa a hankali, ba tari, ba hayaniya. Ya zaga ya shiga gefena. Wannan karon bai ja kujera ba, bai gwada ƙofa ba. Ya jingina baya, ya ɗora hannu a gwiwa, ya rufe ido. Ya daɗe a haka har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Wannan," ya ce.

"Baba."

"Wannan ce, Kwandasta."

"Wallahi motar tsofaffi ce. In na shiga makaranta da ita cewa za a yi kakata na kawo."

"Injinta ya fi na jar lafiya."

"Kai da bakinka ka ce tarin jar na ƙuruciya ne."

"Ƙuruciyar ce ba na so a kan doguwar hanya."

"Ka ce yau ranata ce."

"Ranarki ce. Shi ya sa."

Na juyar da kai, hawaye na cika min ido. Ta madubi ina hango jar a inda na bar ta, rana na zuba a kanta.

Mai motocin ya leƙo ta taga, ya ga yadda fuskata ta koma.

"Ku yi haka. Ku tafi da ita gida maman yara ta gani. In ta kwana a ƙofarku ba ta shiga ran 'yata ba, gobe ku dawo da ita, jar na nan babu inda za ta. Ni da Babban Direba ba mu fara yau ba."

Na jira Baba ya ce in koma gefe. Mota ba ta taɓa shiga gidanmu karon farko a hannun wani ba sai nasa.

"Ja mu je," ya ce, ya jawo bel ya ɗaura.

Na ja.

Fushi nake, amma motar ba ta taya ni ba. Tafiya take sumul, kamar ta san hanyar gidanmu tun da. Titi jiƙe, sama ta kwanta a cikin kududdufai, muna takawa tana watsewa tana sake haɗuwa a bayanmu. Shaguna na wucewa a hankali, da masu shanya kayan da ruwa ya jiƙa. Na yi ƙoƙarin komawa hanyata ta ɗazu, mai gonaki da gada, amma da motar toka mafarkin ya ƙi tashi.

Baba na gefena shiru, fuskarsa a gaba. Ko sau ɗaya bai ce rage gudu ba, bai ce kin makara da sigina ba. Mutumin da daga tsakiyar fili yake ganin kuskuren ƙafata.

Muka iso mahaɗar da ke fita babban titi. Babu fitila a wurin, sai dai ka duba ka shiga. Na duba gefena, babu kowa.

"Baba, duba min gefenka."

Ya ɗan karkata kai kaɗan, kamar yadda ya saba, shi da wutsiyar idonsa ta ishe shi ganin duniya.

"Babu kowa. Shiga."

Na ɗaga ƙafa daga birki.

Hon ɗin ne ya fara zuwa. Sannan babbar mota shaƙe da kaya ta keta ta gaban hancinmu, daga gefen Baba, iskarta ta girgiza mu kamar gwangwani. Ƙafata ce ta taka birki, ba ni ba. Ni ina can wani wuri ina kallon ruwan da tayoyinta suka watsa mana yana gangarowa a gilashi.



"Daga ina ya fito?" in ji Baba a hankali.

Na bi bayanta da kallo. Mota ce da ko daga ƙarshen titi za a gan ta.

Na lallaɓa na tsallaka, na gangara gefe, na tsaya ƙarƙashin wasu bishiyoyi gaban wani shago rufaffe. Na kashe, na zare makulli. Shi ya koya min haka: in ranki ya tashi, tsaya, kashe, zare makulli, sannan ki yi magana.

Ruwan ganye na ɗiga a kan rufi ɗaya bayan ɗaya.

"Gudu yake," in ji Baba. "Direbobin yanzu ba su da tarbiyya."

Yana maganar yana kallon gaba. Na ɗaga hannuna a hankali, na kai shi kusa da kuncinsa, na motsa yatsu. Na sake motsawa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Sai komai ya taho min a jere. Hannun da ke kafaɗata. Motar da aka sayar. Aikin da aka ajiye. Yadda mai motocin ya riƙo shi bayan na gudu na bar shi tsaye.

"Baba, me nake yi yanzu?"

"Fushi kike, me kuma?"

"Hannuna na kusa da fuskarka tun ɗazu."

Ya juyo gaba ɗaya, da kai da kafaɗa, sai da ya saita fuskarsa da tawa. Ya ga hannun. Ya ga hawayen. Na ga lokacin da ya gane babu sauran wurin ɓuya.

Ya mayar da kai ya jingina.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun kafin ki zauna jarabawa."

"Baba."

"Gefe-gefe ya fara. Kamar ana jawo labule daga nan da nan, a hankali, ba ka jin ƙararsa. Yanzu abin da ya rage kamar leƙe ta bakin kwalba. Shi ma wata rana dishi-dishi."

"Ka je asibiti?"

"Na je."

"Me suka ce?"

"Wanda ya tafi ya tafi. Wanda ya rage ake lallaɓawa." Ya taɓa aljihun rigarsa. "Maganin na nan. A banɗaki nake ɗigawa."

"Mama ta sani?"

"A'a."

"Yaya?"

"Ke kaɗai. Ke ma ba ni na gaya miki ba."

"Don me?"

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ba ya kai ido.

"Kin san mamanki. In ta ji, kafin ta yi kuka za ta kwance akwatinki. Yayanki na nesa da iyalinsa. Ita ba ta tuƙi. Wa zai kai ni asibiti, wa zai dawo da ni? Duk wanda ya duba gidan nan ke zai gani. Ni kuma ban yi shekarun nan a hanya don 'yata ta zama sandar makaho ba."

Na kifa goshi a sitiyari. Tsoro nake ji, da tausayi, da wani abu na uku da nake jin kunyar faɗa: haushi. Haushin cewa gaskiya ya faɗa, ni za a gani.

"Shi ya sa kake gwada kujera," na ce.

"Wace kujera?"

"Duk motar da muka shiga, nan ka zauna. Ka ja ta baya, ka gwada ƙofa, ka ce wannan ta yi ƙasa, waccan ta yi tauri. Ba ƙawayena kake wa ba."

Hannunsa na shafa gefen kujerar a hankali.

"Wallahi ban sani ba sai da kika faɗa," ya ce. "Ke na fito in zaɓa wa. Ashe jikina kansa yake zaɓa wa wuri." Ya goge fuska da tafin hannu. "Kin ga abin kunya. Gobe mu mayar da ita. Jar za ki ɗauka."

"Ba na son jar."

"Ƙarya kike."

"Ƙarya nake."

Muka yi wata 'yar dariya mara daɗi, mu biyu.

Na rufe ido ina neman hanyata. Gonakin na nan, gadar na nan, dogayen bishiyoyin na nan. Amma duk inda na juya madubi Baba nake gani, tsaye a tsakiyar filin ƙwallo ya riƙe ƙugu, yana ba da umarni ga motar da ta riga ta bar filin, shi bai sani ba.

"Za ki tafi, Kwandasta," ya ce. "Ki riƙe min bakinki har ki tafi. Bayan nan ni na san yadda zan yi da mamanki. Abin da nake roƙonki ke nan, ban taɓa roƙonki komai ba."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

Mama.

Na gyara murya na ɗaga. Motar shiru take, duk abin da ta faɗa Baba na ji.

"Saye kuka je yi ko ƙera ta ake?"

"Muna hanya, Mama."

"Wace iri ce?"

"Mai launin toka."

"Toka? Ke? Lallai babanki ya iya rarrashi." Ta yi dariya. "Ga ni nan bakin ƙofa tun ɗazu ina baza ido. Wa ke tuƙi?"

Na kalli Baba.

"Mun ɗan tsaya ne."

"To ki ba babanki ya shigo da ita. Yamma ta yi, hanyar nan cike take da masu tashi daga aiki, ban yarda ki tuƙo motar da ba ki saba da ita ba. Shi ko ido rufe zai kawo ku gida. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

Na sauke wayar a cinyata. Mama ce kullum ke fara kashewa, ko sallama ba ta jira.

Baba ya kwance bel.

"Kin ji mamanki."

"Baba, me kake yi?"

"Tana bakin ƙofa. In ta ga na fito ta wannan gefen, ba sai an gaya mata komai ba. Ta san ni tun kafin a haife ki." Muryarsa ta yi laushi, irin wadda yake lallashina da ita ina ƙarama. "Hanyar nan a tafin hannuna take. Mu sha kwana sau biyu, mu hau gada, sai layinmu. A hankali zan tafi. Ke ki koma kujerarki ki zama idona, ki riƙa faɗa min abin da ke gefe. Kamar da, Kwandasta. Saura mutum ɗaya."

Makullin na hannuna. In na ba shi, Mama za ta ga abin da ta saba gani, akwatina ya kwana a ɗaure. In na hana shi, daga nan zuwa ƙofar gidanmu ne iyakar tafiyata.

Ya miƙo hannu.

Tafin a buɗe, ya tsaya a iska saman giya, inda yake zaton hannuna yake. Hannuna ba can yake ba.

"Makullin."

Na tuna dattijon da ba a tambaya ba. Na tuna iskar babbar motar nan. Na damƙe makullin har haƙoransa suka shiga tafina.

"A'a, Baba."

Tunda aka haife ni ban taɓa gaya masa kalmar nan ba.

"Mayar da bel ɗinka. Ni zan kai ka gida."

Hannunsa na nan a iska, bai sauke ba. Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai wata 'yar murya ta taso daga cinyata, siririya, daga wayar da ba wanda ya kashe.

"Kwandasta," in ji Mama. "Idon wa za ki zama?"